Yadda ake koyon rubutu da zanen tawada irin na Japan domin adon sabuwar shekara

A ƙasar Japan babu bikin da ya kai na sabuwar shekara girma, wanda suke kira Shogatsu, kuma tun shekarar 1873 da ƙasar ta koma bin kalandar Miladiyya ake yin sa a farkon watan Janairu. Kafin ranar ta zo ana share gida ƙal, ana kafa adon gora da rassan matsu, wani itace mai ganye kamar allurai, a bakin ƙofa, ana kuma aika wa 'yan uwa da abokan arziki katin gaisuwa da ake kira nengajo. Ranar 2 ga Janairu kuwa sai a zauna a yi rubutun farko na shekara, wato kakizome, da alƙalamin gashi da baƙar tawada. Wanda yake son koyon rubutun hannu na Japanawa, da suke kira shodo, tare da zanen tawada mai suna sumi-e, ba zai sami mashigar da ta fi wannan biki sauƙi ba, domin haruffan da ake rubutawa kaɗan ne, tsirran da ake zanawa guda uku ne, kuma akwai ranar da dole aiki ya kammala. Wanda ya bi matakan nan zai tashi da abu uku a hannunsa: katin gaisuwa, da zanen gora na jinginawa ko na ratayewa, da doguwar takarda mai ɗauke da rubutun farko na shekara.

Abin da nake so mai koyo ya riƙe tun yanzu shi ne cewa a wannan sana'a ba a komawa kan layin da aka riga aka ja domin a gyara shi. Takardar tana shan tawada nan take, kuma duk inda alƙalami ya bi sau biyu sai wurin ya nuna, kamar faci a jikin sabuwar riga. Saboda haka mafi yawan aikin ana yin sa ne kafin alƙalami ya taɓa takarda, wajen shirya tawada da zama da horar da hannu. Gidan waya a Japan yana fara karɓar katunan nengajo daga ranar 15 ga Disamba, kuma waɗanda aka saka kafin 25 ga wata su ne ake kai wa masu su a ranar 1 ga Janairu. Wannan ya sa ya dace a fara horo daga tsakiyar Nuwamba, a riƙa ba shi rabin sa'a a kullum, domin rabin sa'a ta kowace rana ta fi wuni guda a mako amfani ga hannu.

Tanadin kayan aiki

Kayan asali huɗu ne. Na farko alƙalamin gashi, fude, wanda ake yi da gashin akuya ko na doki ko na wasu namun daji, a ɗaure shi a jikin sandar gora. Garin Kumano da ke yankin Hiroshima shi ne ke samar da mafi yawan waɗanda ake yi a Japan. Mai koyo yana buƙatar guda biyu, babba domin manyan haruffa da zane, da ƙarami domin sa suna da rubutun kati. A babban, a nemi wanda aka gauraya gashi mai laushi da mai tauri, domin na gashin akuya zalla yana da laushi ƙwarai har yakan gagari sabon hannu.

Na biyu sandar tawada, sumi, wadda birnin Nara ya shahara da yin ta. Ana tara kunkunniyar hayaƙin itacen matsu ko ta man da aka ƙona, a kwaɓa ta da danƙon da aka dafa daga fatar dabbobi, a sa ɗan ƙamshi, a zuba a mazubi, a bar ta ta bushe a hankali. Duk wanda ya taɓa haɗa tawadar allo da gawayi da ƙaro ya riga ya san hikimar, wato baƙi da abin da zai riƙe shi. Bambancin da ya kamata a lura da shi biyu ne. Tawadar allo ana wanke ta, ita kuwa sumi idan ta bushe a jikin tufa da wuya ta fita, don haka a sa tsohuwar riga. Sannan alƙalamin allo kaurin layinsa yana zuwa ne daga yadda aka fere bakinsa, shi kuwa na gashi kaurin layinsa yana zuwa ne daga nauyin hannu, kuma wannan shi ne sabon abin da za a koya.

Na uku dutsen niƙa tawada, suzuri, mai sashe biyu, shimfiɗaɗɗen wuri da Japanawa ke kira tudu, da wuri mai zurfi da suke kira teku. Na huɗu takarda. Wadda aka saba horo da ita sunanta hanshi, faɗinta kusan santimita 24, tsawonta kusan 33, kuma tana da gefe mai santsi da gefe mai kaushi. A mai santsin ake rubutu. Ban da waɗannan ana buƙatar baƙar shimfiɗa mai laushi a ƙarƙashin takarda, da dogon ƙarfe ko wani abu mai nauyi na danne samanta, da kofin ruwa, da ƙananan fararen farantai uku, da tsumma. A makon farko kada a ɓarnatar da takarda mai kyau, tsofaffin jaridu sun isa, har ma layukan rubutunsu suna taimaka wa ido wajen gane ko layin da aka ja ya miƙe. Idan ba a sami sandar tawada ba, akwai tawadar kwalba da aka riga aka dama, tana kuma yin aiki, sai dai ba ta ba da launukan toka-toka masu kyau irin na wadda aka niƙa da hannu.

Sabon alƙalami yana zuwa da gashinsa a ƙage da sitati. A murza babban a hankali da yatsu daga tsini zuwa sama har kashi biyu cikin uku na gashin ya warware, sannan a ɗauraye shi da ruwa. Ƙaramin kuwa kashi ɗaya cikin uku kawai ake warwarewa, domin sauran taurin ne ke ba shi tsini.

Niƙa tawada

A ɗiga ruwa kamar rabin ƙaramin cokali a kan tudun dutsen, kada a cika tekun da ruwa tun farko. A riƙe sandar da yatsu uku, a riƙa murza ta a kan ruwan cikin zagaye, ba tare da dannawa ba, nauyin hannu kaɗai ya isa. Da farko za a ji ɗan kaushi a ƙarƙashin sandar, ruwan yana yin launin toka. Bayan 'yan mintuna sai sautin ya lafa, ƙamshin tawadar ya taso, ruwan ya yi kauri har idan sandar ta wuce sai a ga fuskar dutsen ta bayyana na ɗan lokaci kafin tawadar ta sake rufe ta. Wannan ce alamar cewa ta nuna. A tura ta cikin teku, a sake ɗiga ruwa a tudu, a ci gaba da haka har a tara abin da zai isa zaman ranar, abin da kan ɗauki minti goma zuwa goma sha biyar. A gwada ɗigo ɗaya a kan takarda: idan ya bazu da faɗi yana barin zobe mai ruwa-ruwa, a ƙara niƙa, idan kuma alƙalami yana cijewa, a ƙara ruwa kaɗan.

Da an gama, a goge bakin sandar da takarda har ya bushe, kuma kada a kuskura a bar ta tsaye a kan dutsen, domin danƙon zai manne, wajen cirewa sai ta karye ko ta ɓantare fuskar dutsen. Wanda yake zaune inda hunturu ke kaɗawa a watan Disamba ya ƙara kula. Busasshiyar iska tana sa tawada ta yi kauri a cikin dutse kafin a cika shafi biyu, tana kuma tsattsaga sandar idan an bar ta a fili. A kashe fanka, a ajiye ruwa kusa domin ƙara ɗigo-ɗigo, a naɗe sandar da takarda a mayar da ita akwatinta. Tawadar da ta kwana ba a amfani da ita, domin danƙon yana lalacewa.

Zama da riƙon alƙalami

A zauna a miƙe, a bar tazarar dunƙulen hannu ɗaya tsakanin ciki da bakin tebur, a ɗora tafin hannun da ba ya rubutu a ƙasan takarda domin ya riƙe ta. A kama alƙalami a tsakiyar sandarsa, babban yatsa ta ciki, manuniya da yatsan tsakiya ta waje, sauran biyun suna tallafe daga baya. Sandar ta tsaya cak kamar tabarya a turmi, kada ta kwanta irin ta biro. Gwiwar hannu ta tashi daga tebur, domin da kafaɗa da dantse ake jan layi, yatsu riƙewa kawai suke yi. A kwanakin farko dantse zai yi tsami, kuma hannu zai riƙa neman komawa riƙon biro ba tare da an sani ba, don haka a riƙa duba shi bayan kowane shafi.

Wajen ɗiban tawada a tsoma duk gashin da aka warware, sannan a shafa shi a bakin dutsen ana juyawa, har rarar tawadar ta sauka tsinin ya haɗe wuri ɗaya.

Horar da hannu a kan layuka

Kowane layi yana da shiga da tafiya da fita. A sauke tsinin a karkace, yana kallon kusurwar sama ta hagu, kamar digiri 45, a danna kaɗan, a ja zuwa dama ana ɗan ɗaga shi sama, sannan a tsaya a sake dannawa kafin a ɗauke. Harafin lamba ɗaya a rubutunsu, 一, wannan layi ne kaɗai, kuma ya cancanci kwana biyu cur. Bayansa a yi layin tsaye daga sama zuwa ƙasa, a haɗa su a harafin goma, 十.

Fitar layi iri uku ce, kuma malamai a Japan suna nanata sunayensu ga yara tun daga firamare. Tome ita ce tsayawa da dannawa. Hane ita ce tsayawa sannan a fizgo tsinin sama ya bar ƙugiya. Harai kuwa ita ce sharewa, inda ake ɗaga alƙalami sannu a hankali yana cikin tafiya har layin ya ƙare da siririn tsini kamar wutsiya. Harai ta dama ta fi kowacce wuya, domin ana farawa da siriri, a ƙara nauyi har layin ya kumbura, a ɗan dakata, sannan a share zuwa dama. Akwai harafi ɗaya, 永, mai ma'anar dawwama, wanda tun daga ƙasar Sin aka ɗauke shi a matsayin taskar motsin alƙalami guda takwas. A rubuta shi sau goma a farkon kowane zama har zuwa ƙarshen horo.

Daga cikin salon rubutu uku da aka fi sani, wato kaisho mai tsayayyun layuka, da gyosho mai ɗan gudu, da sosho mai sarƙaƙƙiyar tafiya, kaisho kaɗai ya kamata a taɓa a wannan shekarar ta farko.

Haruffan biki

A mako na biyu sai a shiga kalmomin da za a yi ado da su. Ƙa'idar jerin layuka ita ce daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, kuma idan layin kwance da na tsaye sun gitta juna yawanci na kwancen ne ke riga. Kada a raina wannan jeri, domin shi ne ke sa fitar kowane layi ta nufi mashigar na gaba.

A fara da sunan bikin kansa, 正月. A ninke takardar hanshi gida biyu domin a sami ɗaki sama da ɗaki ƙasa, a kuma ninke ta a tsaye domin a ga tsakiya. Harafin sama layi biyar ne: layin kwance a sama, layin tsaye daga tsakiyarsa, gajeren layin kwance zuwa dama, gajeren layin tsaye a hagu, sannan dogon layin kwance a ƙasa wanda ya fi na saman tsawo, shi ne ke ɗauke da nauyin harafin. Harafin ƙasa, wanda ke nufin wata, layi huɗu ne: harai ta hagu mai saukowa, sai layin da ya tafi dama ya karya kwana ya sauko ya ƙare da hane, sannan gajerun layuka biyu a ciki, waɗanda tazararsu ya kamata ta zama daidai. Wannan kalma ta haɗa tome da hane da harai, shi ya sa ake yawan ba yaran makaranta ita.

Daga nan a wuce zuwa 春, wato bazara, mai layi tara: layukan kwance uku, harai ta hagu, harai ta dama, sannan harafin rana a ƙarƙashinsu. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a matse harafin ranar ko a bar shi ya zame gefe, maganinsa kuwa shi ne a buɗe harai biyun sosai kamar rumfa. Wanda hannunsa ya faɗa zai iya gwada 寿, mai layi bakwai, wanda ke nufin tsawon rai da taya murna, ko 福 mai layi goma sha uku, wanda ke nufin arziki da alheri. A rubuta kowane harafi a kalli samfuri, a ajiye shafin farko na kowace rana tare da kwanan wata, domin a ƙarshen mako a jera su a ga inda hannu yake karkata.

Zanen gora da matsu da ume

Tsirrai uku ne alamar murna a Japan, ana haɗa sunansu a ce shochikubai. Matsu itace ne mai ganye kamar allurai wanda ba ya kaɗewa a lokacin sanyi, gora tana lanƙwasa ba ta karyewa, ume kuwa itace ne da ke fitar da fure tun sanyi bai wuce ba. Gora ce ta fi dacewa da mai koyo, domin layukanta 'yan uwan layukan rubutu ne, don haka a nan za mu daɗe.

A fara shirya tawada kala uku a farantai: baƙa ƙirin kamar yadda aka niƙa, matsakaiciya da aka sirka da ruwa, da mai haske ƙwarai kamar hayaƙi. A jiƙa babban alƙalami, a matse shi da tsumma, a cika shi da mai hasken, a tsoma rabinsa a matsakaiciya, sannan a taɓa tsininsa kawai a baƙar. A ɗan danna shi a busasshen faranti domin kalolin su shiga juna. Yanzu a kwantar da shi a gicciye a ƙasan takarda, a tura shi sama kamar tsawon yatsa, a tsaya a danna, a ɗauke. A bar siririyar farar tazara, a sake sauke shi a ja gaɓa ta biyu wadda ta ɗan fi ta farko tsawo, haka har a fita ta saman takarda. Idan an ɗebi tawadar daidai, za a ga gefe ɗaya na karan ya yi duhu, ɗayan ya yi haske, karan ya fito a mulmule kamar ana iya kama shi. Kada a sake ɗiban tawada a tsakiyar kara ɗaya. Inda alƙalami ya fara bushewa ya bar farin zare-zare a cikin layi, wannan abin so ne a wurinsu, suna kiran sa kasure.

Tun karan bai gama bushewa ba, a ɗauki baƙar tawada a tsinin alƙalami a ja ɗan lanƙwasasshen layi a kowace tazara, shi ne gaɓar. Daga gaɓoɓin ne kaɗai rassa ke fitowa, sirara, suna nufar sama, ɗaya ta dama, na gaba ta hagu. Ganyen kuwa harai ne tsantsa: a sauke tsini, a danna har cikin alƙalami ya buɗe, a ja ana ɗagawa har ya ƙare da tsini, duk a numfashi ɗaya. A cika shafin jarida biyu da ganye kaɗai, ta kowace fuska, kafin a sa ko ɗaya a jikin zane. Ana jera su uku-uku ko huɗu-huɗu kamar sawun kaza, kada tsawonsu ya zama ɗaya, kada kuma su fito daga ɗigo ɗaya kamar haƙoran mataji. Na gaba a yi su da baƙa, na baya da mai haske. A ra'ayina kara biyu, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske a bayansa, da gungun ganye uku, sun ishi takarda, kuma a bar aƙalla rabinta fari, domin a wannan zane farin wuri yana cikin aikin.

Reshen ume ana jan sa da alƙalami mai ƙarancin ruwa, ana karya kwana da ƙarfi, a bar gurabe inda furanni za su zauna. Kowane fure ganye biyar ne masu zagaye, ana zana su da ƙaramin alƙalami ko a ɗiga su da jan fenti, sannan a ja siraran zare a tsakiya a ɗiɗɗiga kawunansu. Allurorin matsu kuwa gajerun layuka ne masu sauri da ake jerawa kamar mafici.

Haɗa katin gaisuwa

Katin gidan waya na Japan faɗinsa santimita 10 ne, tsawonsa 14.8. A yanka jarida daidai wannan girma a gwada tsarin sau da yawa. Rubutu yana sauka ne daga sama zuwa ƙasa, layukan kuma suna jeruwa daga dama zuwa hagu, don haka gaisuwa tana zama a dama da manyan haruffa, zane a tsakiya ko ƙasa, suna a hagu. Mutane da yawa suna zana dabbar shekara daga jerin dabbobi goma sha biyu. 2025 shekarar maciji ce, 2026 ta doki, 2027 ta tunkiya. Ga mai koyo reshen ume ɗaya ko jan da'irar fitowar rana ya wadatar.

Akwai ladubba da ba a wasa da su. Gaisuwa mai harafi ɗaya ko biyu, irin su 賀正, wato murnar sabuwar shekara, ko 迎春, wato maraba da bazara, ana aika ta ne ga tsara ko na ƙasa. Malami ko shugaba ko dattijo ana rubuta masa mai haruffa huɗu, 謹賀新年, domin harafinta na farko yana ɗauke da ma'anar girmamawa. Tawadar rubutun gaisuwa dole ta kasance baƙa sosai, saboda tawada mai haske ta ambulan ta'aziyya ce, ana fassara ta da cewa hawaye ne suka sirka ta. Gidan da aka yi rasuwa a cikin shekarar ba a aika musu nengajo, su ma ba sa aikawa, sukan sanar da mutane da wani kati tun a watan Nuwamba ko farkon Disamba.

Hatimi da miƙar da takarda da ratayewa

Aiki ba ya cika sai da jan hatimi a gefen hagu, ƙasa da suna. Ana iya sassaƙa shi a jikin robar goge fensir da reza, murabba'i mai santimita ɗaya da rabi, a tuna cewa a juye ake sassaƙa harafin. A yanka ƙaramar jar takarda a matsa da ita nan da can a kan zanen har a ga inda ya fi dacewa, sannan a buga.

Takarda takan yamutse bayan ta sha tawada. A bar ta ta bushe kwana ɗaya ko biyu, a kifa ta a kan takarda mai tsabta, a fesa wa bayanta ruwa kaɗan kamar raɓa, a rufe da wata takardar, a danne da manyan littattafai har gari ya waye. A fara gwada wannan da shafin horo, domin wasu tawadun kwalba suna zuba idan ruwa ya taɓa su. Bayan ta miƙe, a manna kusurwoyinta a kan kwali mai kauri da aka lulluɓe da jar takarda, a bar jan ya leƙo kamar santimita biyu ta kowane gefe, domin ja da fari su ne launukan murna a can. Doguwar takarda kuwa a naɗe samanta da ƙasanta a jikin siraran sanduna, a ɗaura zare a ta saman.

A al'adar Japanawa ana iya fara kafa ado daga 13 ga Disamba, an fi son ranar 28, ana kuma gudun ranar 29 saboda lafazin lambar ya yi kama da na wahala, da ranar 31 saboda adon dare ɗaya rashin ladabi ne. Adon bakin ƙofa, kadomatsu, yana da nasaba da imanin addininsu na gargajiya, Shinto, game da tarbar abin bautar shekara. Wanda addininsa ya bambanta yana iya ɗaukar fasahar hannun kaɗai, ya rubuta kalmomi irin su 平和, zaman lafiya, ko 夢, buri.

Rubutun ranar 2 ga Janairu

Kakizome ya faro ne a fadar sarki, ya bazu cikin jama'a a zamanin Edo, wato daga ƙarni na 17 zuwa tsakiyar na 19, ta hanyar makarantun unguwa, kuma har yau makarantu suna ba yara shi a matsayin aikin hutun sanyi. A zauren Nippon Budokan da ke Tokyo dubban mutane suna taruwa a ranar 5 ga Janairu su rubuta nasu a lokaci ɗaya. Ana yin sa a doguwar takarda, wadda ɗaya daga cikin nau'o'inta ke da faɗin kusan santimita 17 da tsawon 68, kuma a ƙasa ake shimfiɗa ta.

A zaɓi kalma mai haruffa biyu zuwa huɗu tun mako guda kafin ranar, a yi ta horo a jaridun da aka haɗa tsawonsu ya kai haka. Ranar da safe a baza jaridu a ƙasa, a ɗora shimfiɗa, a ninke takardar gida-gida daidai da yawan haruffa tare da barin siririn wuri a hagu domin suna. A niƙa tawada fiye da ta kullum, ninki biyu ko uku, domin ƙarewarta a tsakiyar aiki yana sauya launin haruffan ƙarshe. A durƙusa a gaban takardar, tsakiyar jiki tana daidai da tsakiyarta, hannu ɗaya a dafe a ƙasa. Bayan kowane harafi a ja jiki baya, ko a tura takardar gaba, domin kada a rubuta harafin ƙasa a takure, kuma a ɗora tsumma ko jarida a hankali inda tawada ta taru don kada ta gangara. A rubuta kofi uku zuwa biyar, a jingina su a bango, a koma nesa kamar taku huɗu a zaɓi wanda haruffansa suka zauna a kan layin tsakiya, ko da wani layinsa bai yi kyau ba. Japanawa suna da karin magana cewa ko Kobo, wato malamin addinin Buddha Kukai wanda ya rayu daga 774 zuwa 835 kuma ya shahara da kyawun rubutu, alƙalaminsa yakan kuskure.

Bayan an gama, a wanke babban alƙalami da ruwa zalla, ana matsa gindin gashin da yatsu har ruwan ya fito fari, a daidaita tsininsa, a rataye shi kansa a ƙasa a inuwa. Ƙaramin ba a tsoma shi a ruwa, a kan jiƙaƙƙiyar takarda ake shafa tsininsa har baƙin ya ƙare. Dutsen ma a wanke shi da soso mai laushi.

Ana sauke adon ranar 7 ga Janairu a yankin Tokyo, a yankin Kyoto da Osaka kuwa sai ranar 15. A wajajen 15 ga wata ake hura babbar wuta da ake kira dondo-yaki, inda ake ƙona adon tare da takardun kakizome, kuma suna cewa wanda tokar takardarsa ta tashi sama sosai hannunsa zai ƙara kyau a shekarar. Kofin da aka zaɓa domin ajiya a rubuta shekara a bayansa da fensir, a naɗe shi sako-sako rubutun yana ciki, a sa a kwali tare da shafin farko na watan Nuwamba, a ajiye inda damshin damina da gara ba za su kai gare shi ba.